Taku Saba'in Zuwa Ɗakin Rakiya

Daga falon Malam Pindar zuwa ƙofar ɗakin Rakiya taku saba'in ne. Garzali ya auna da ƙafarsa har sau uku, saboda haka kada wani ya zo da gardama. Tarhon kuwa taku arba'in da biyu yake yi ya mutu.

Ga yadda abin ya taso. A unguwar Fezzan ta birnin Yerwa, cikin bazarar da kwalta ke kama takalmi, Allah ya yi wa Babakura rasuwa. Shi ne mijin Rakiya, yayar Garzali. Ɗansu ɗaya tal, Ba'ana, yana can Libiya yana tuƙa motar ruwa a wani kamfanin haƙa rijiyoyi. Duk lungun gida ɗaya ke da tarho, gidan Malam Pindar, mutumin Marama, akawu a ma'aikatar gona. Duk mai ɗa a nesa lambarsa yake bayarwa.

Tarhon irin mara igiyar nan ne, 'yarsa Edith ta aiko masa daga Legas. Akwati ne baƙi a kan tebur, an jona masa wayar layi da ta lantarki, da 'yar eriya siririya kamar ta rediyo. Sai kan da ake karawa a kunne, shi ma da tasa eriyar, wanda kana iya yawo da shi cikin gida.

Ran Alhamis, kwana goma sha biyu da rasuwar, Ba'ana ya bugo. Pindar ya fito da singileti, kan tarhon a hannu, yana sauri. Ya wuce rumfar da Garzali ke ƙira, Garzali ya ajiye guduma ya bi shi. Kafin su kai zauren gidan mamacin muryar Ba'ana ta fara nutsewa cikin wani shuu kamar ana suyar ƙosai. Taku biyu cikin zaure, ɗif. Dole suka dawo da baya har tsakiyar lungu, Garzali ya karɓa, ya yi wa ɗan 'yar'uwarsa gaisuwa.

"Kawu, Inna nake so in ji," in ji Ba'ana. "Ran Litinin za a kwashe mu zuwa cikin hamada, can babu waya, ban kuma san ranar fitowa ba. Zan sake bugowa ran Lahadi bayan la'asar. Don Allah a ba ni ita."

Garzali ya ce an gama. Bakinsa ya saba rigan hankalinsa.

Ya shiga wurin yayarsa. Tana zaune kan tabarma cikin farin zane, carbi a hannu, idanun sun faɗa. Ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Yaya, taku talatin ne. Ki lulluɓa, ki fito bakin lungu, ki ji ɗanki, ki koma."

"Ba zan taka zauren nan ba sai na cika wata huɗu da kwana goma."

"Na biya ta wurin Liman. Ya ce mai takaba in da lalura, da rana, babu laifi ta fita."

"Liman ne ya zauna da dangin maigidana shekara talatin da huɗu? Tun ina amarya ƙanwarsa Gumsu ke cewa Bakanuwa ba ta san zaman gida ba. Ran da na leƙa lungu, kafin magariba ta kai labarin Yerwa kaf. Ba zan ba ta wannan ba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba."

"To ki haƙura da jin yaron."

Ta ja carbi ɗaya, biyu, uku. Ba ta dube shi ba.

"Kai ba maƙeri ba ne? Kullum kana cika baki babu ƙarfen da ya gagare ka. Kawo mini muryar yaron nan har inda nake."

Garzali maƙerin kwano ne. Akwatin ƙarfe, bokiti, indararo, murhun gawayi, duk yana yi. Amma abin da ya fi taƙama da shi eriya ce. Shi ya haɗa wa masu shayin bakin titi eriyar da ta kamo musu talabijin ɗin Kamaru ran wasan ƙwallo, har yau suna ba shi shayi da madara biyu. Karatunsa a kan wannan gajere ne: ƙarfe ke jawo magana, in ka ƙara ƙarfe ka ƙara magana.

Da safen Juma'a ya tare Pindar yana shirin tafiya ofis.

"Akawu, ka bar mini abin nan yau, kafin ka dawo na gama."

Pindar ya gyara tabarau, ya dubi tarhon kamar mai ba da riƙon ɗa. "Malam Garzali, shekara shida na yi ina sintiri kafin a ja mini layin nan. Ka yi abin da za ka yi, amma wayar bango kada ka taɓa ta."

Matarsa Naomi tana goge tebur, ta sa baki. "Ai ni na lura, duk lokacin da na zagaya bayan tankin ruwa..."

"Madam, bari dai. Wannan aikin ƙarfe ne."

"To, maƙeri," in ji ta, ta ɗauki tsummanta ta fita.

Ya kawo doguwar gora, ya ɗaure tsohon wilin keke a samanta, ya kafa ta jikin katangar Pindar. Ya jawo wayar tagulla daga wilin, ta bi ta taga, ya naɗe ta a eriyar akwatin. Gwajin mai sauƙi ne: in layi na nan, kan tarhon yana wani dogon ƙugi a kunne, in ya tafi sai suya. Ya danna, ya kara a kunne, ya fara ƙirga taku. A taku talatin ƙugin ya mutu. Jiya arba'in da biyu, yau talatin.

Ya ce gorar ce ta yi gajarta. Ya haɗa ta da wata, ya ƙara siraran ƙarafan wilin keke kamar ƙayar bushiya. Wannan karon a taku ashirin da takwas sai ga muryar wata mata rangaɗaɗau, tana rigima da Larabcin Shuwa a kan man shanu.

"Baiwar Allah, sauka daga layin mutane," in ji Garzali.

Ta juya harshe zuwa Hausa don ya ji da kyau, ta gaya masa abin da ba ya maimaituwa game da kakanninsa.

Bayan an sauko daga masallaci ya dawo da sabuwar dabara. Ya jingina babban farantin tasa a bayan akwatin don ya tura maganar gaba. Ya tsinto takardar azurfa ta kwalin taba, ya nannaɗe eriyar kan tarhon da ita. Garin ja don ta ƙara tsawo, sai gaɓar ƙarshe ta taho a hannunsa. Ya tsaya yana kallonta. Ya koma rumfa da sauri, ya hura wuta, ya liƙe ta da dalma, ya goge har tana ƙyalli. Aiki ne mai kyau, duk Fezzan babu mai yin irinsa. Pindar yana shigowa, ko jaka bai ajiye ba, idonsa ya sauka a kan ɗinkin.

"Me ya sami eriyar?"

"Na ƙarfafa ta."

"Da can naɗewa take yi ta koma ciki."

"Yanzu ba ta bukata."

Pindar ya zauna, ya cire takalmi ɗaya, ya daɗe riƙe da shi. Mutum ne da ba ya faɗa, sai dai in ransa ya ɓaci Hausarsa ta koma ta ofis. "Gobe Asabar, ina gida. Daga yanzu ba za a taɓa wannan na'ura ba sai ina tsaye."

Asabar da hantsi Garzali ya zo da ƙullin waya a kafaɗa.

"Akawu, mu daina wahalar da kai. A ƙara wa wayar bango tsawo, mu bi ta kan katanga, mu kai akwatin har zauren su Yaya. Ran Litinin in kwance, babu wanda ya gani."

"Babu wanda ya gani? A Fezzan? Masu layi in suka ji na ja waya zuwa wani gida, yanke ni za su yi. Kai za ka ba ni wata shekara shidan?"

"Kwana biyu ne fa."

"Na ce a'a."

"Da ɗanka Simon ne a hamada, da ba ka tsaya kana karanta mini doka ba."

"Da ɗana ne, da uwarsa ta fito lungu ta ji shi."

Maganar ta faɗi tsakaninsu kamar guduma a kan yatsa. Garzali ya ji zafinta, don shi ma abin da ke cin sa ke nan tun Alhamis, amma ba ya son jin ta a bakin wani. Ya miƙe zai fita.

Naomi ce ta tare ƙofa. Ta warware wayar tagullar daga eriyar akwatin, ta ɗauke farantin, ta ɓare takardar azurfar ta jefar.

"Malam Garzali, kai da maigidan nan sau nawa kuka riƙe abin nan? Shi in ya dawo aiki a kujera yake amsawa. Ni ce nake yawo da shi shekara biyu, ina girki, ina wanki, ina kai wa maƙwabta. Abin nan ba ya son kwano. In na shiga kicin ɗina mai bangon langa-langa, mutuwa yake yi. In na zagaya bayan tanki, haka. Amma in ina hango tagar falon nan, ko daga bakin masallacinku ina ji tas."

"Ƙarfe ba ya korar magana. Jawo ta yake yi."

"Zo mu je rumfarka."

Suka fita su uku. Masu zaman gindin dogon yaro suka miƙa wuya. Naomi ta danna kan tarhon, ta kara wa Garzali a kunne, ƙugi na tafiya lafiya. Ta ɗauki sabon bokiti cikin waɗanda ya ƙera, ta kifa a kan kansa da tarhon gaba ɗaya. Suya ta tashi. Ta ɗage, ƙugi ya dawo. Ta sake kifawa. Wani daga gindin bishiya ya ce a bar masa bokitin, ya fi hularsa kyau.

"Yanzu dubi nan," in ji ta.

Ya duba. Tsakanin tagar Pindar da gidan Rakiya babu komai sai rumfarsa. Fallayen kwano sama da ɗari biyu a jingine tsaye jikin bango, akwatunan ƙarfe an ɗora wani kan wani har rufi. Can cikin gidan kuma, gaban ɗakin Rakiya, akwai shingen langa-langa wanda ya fi mutum tsawo. Shi da kansa ya kafa shi ran rasuwa, don kada maza masu shigowa gaisuwa su riƙa ganin ta. Har yabonsa aka yi a kai.

Bai ce ta yi gaskiya ba. Ya ciro goro ya gatsa, ya tuɓe riga.

Wunin Asabar ɗin nan kaf a kan kwashe kwano ya ƙare. Falle ya sha rana, ka taɓa shi kamar ka taɓa tanda. Yana ɗauka uku-uku a ka, ya kai bakin titi bayan gidan Pindar ya zube, ya dawo. Wani falle ya yanke shi a tafin hannu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Masu gindin bishiya suna ba da shawara daga zaune. Da ya zo kan shingen, Rakiya ta yi magana daga cikin ɗaki.

"Tsirara za ka bar ni?"

"Yaya, ko shinge ko ɗanki. Zaɓi ɗaya."

"Duka biyun nake so."

Dole ya je ya nemo zana wurin mutanen Zabarmari masu kawowa a keke, ya kafa a madadin langa-langar. Da yamma Naomi ta yi gwaji. Tarhon ya wuce zaure, ya shiga tsakar gida, ya kai taku hamsin da tara, sannan ya fara suya. Ana jin ƙugin can ƙasa, amma ba irin wanda tsohuwa za ta ji muryar Libiya a ciki ba.

"Saura a ɗaga akwatin sama," in ji Naomi. "Tebur ya yi masa ƙasa, katanga biyu ce a gabansa. Gobe sai mu gwada."

Gobe kuwa Lahadi ce. Pindar ya kulle falonsa da kwaɗo, suka tafi coci tun ƙarfe takwas, kuma ranar akwai taron dattawa bayan sujada. Garzali ya yi ta kai da kawowa a lungu kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ƙarfe biyu da rabi suka dawo. Aka buɗe falo, ashe an ɗauke wuta, akwatin kuma ba ya aiki sai da ita. Suka zauna su uku suna kallon ƙwan fitila. Sai da aka kira sallar la'asar ƙwan ya kama.

Garzali ya yi salla a gaggauce ya dawo. Aka zaro akwatin ta taga. Wayoyinsa biyu gajeru ne, iyakarsu kamu ɗaya sama da tagar, kuma a nan babu komai da za a ɗora shi, sai iska. Ya gangaro da duro, ya hau, ya ɗaga akwatin sama da kansa da hannu biyu. Pindar ya durƙusa a cikin falo yana danne filogi a soket don kada ya zare. Naomi ta tafi da kan tarhon gidan Rakiya, muryarta na tsallako katanga.

"Ɗaga. Ƙara. Yi hagu kaɗan. Ba wannan hagun ba. Tsaya nan, kada ka motsa."

Ta sami wurin kusa da turmi, taku biyar daga ƙofar ɗaki. Cikin gida ne, don haka Rakiya ta yarda ta fito ta tsaya. Garzali ya gwada sauke hannu ya huta kafin a bugo, sai da aka yi minti goma ana hagu da dama kafin a sake samun wurin. Daga nan bai ƙara saukewa ba.

"Akawu," ya ce ta taga, "la'asar ɗin can yake nufi ko ta nan?"

"Kai ka yi magana da shi."

"Ban tambaya ba."

"To."

Rana ta karkato ta daki fuskarsa. Gumi na shiga idonsa, babu hannun gogewa. Yankan tafinsa ya buɗe, yana jin ɗumin jini na gangarowa zuwa gwiwar hannu. Wani mai tura kurar ruwa ya tsaya ya kalle shi sama da ƙasa.

"Malam Garzali, roƙon ruwa ake yi?"

"Wuce, kafin in sauko."

Akwatin ya yi ƙara a hannunsa, har sai da duron ya girgiza. Ya riƙe numfashi. Can sai muryar Naomi: "Baban Simon, Manasse na coci ne, wai yana tambayar ranar koyon waƙa."

"Ki ce ya kashe," in ji Pindar daga ƙasa. Garzali bai taɓa jin sa da irin wannan murya ba.

Aka sake zaman jira. Kafaɗunsa suka daina ciwo suka koma kamar na wani. Ya fara tunanin ko yaron bai sami layi ba, ko an kwashe su tun jiya. Ya zagi Libiya, ya zagi Gumsu, ya zagi wanda ya ƙera tarho da waya kamu ɗaya. Inuwar katanga ta kusa cinye lungun lokacin da akwatin ya sake ƙara.

Wannan karon Naomi ba ta kira kowa ba. Sannan ya ji ta tana cewa, "Yaya Rakiya, ɗaga murya, ba ya jin ki." Mai takaba ba ta ɗaga murya, kowa ya san haka, kwana goma sha biyar ana sunkuyawa kafin a ji abin da take faɗa. Garzali ya rufe ido. In a nan abin zai lalace, babu ƙarfen da zai gyara.

Sai muryar ta tsallako katanga biyu, a shaƙe da farko, daga baya ta buɗe.

"Ina jin ka. Na ce ina jin ka, kai ne ba ka ji na. E. Bai sha wahala ba. Da asuba ne, bakinsa da salati."

Wani cikin masu gindin bishiya ya sunkuyar da kai. Garzali bai ji sauran ba, don duk hankalinsa ya koma kan riƙe akwatin a inda yake. Ya ciji leɓe, ya kafa idonsa a kan wata ƙusa jikin bango. Bai san minti nawa aka yi ba. Naomi ce ta zo har gindin duron ta ce ya sauko, an gama.

Hannayen suka ƙi saukowa da kansu, sai da Pindar ya fito ya karɓi akwatin, ya share jinin da ya shafe shi da gefen rigarsa. Garzali ya ja ƙafa zuwa gidan yayarsa. Ta koma kan tabarmarta, fuskar a jiƙe, ta ja mayafi.

"Kin ji shi?"

"Rabi na ji, rabi suya. Aikin naka bai cika ba."

Ya gyara ɗaurin tsumman da ke tafinsa.

"Muryarsa ta yi kauri," in ji ta. "Ya ce motar kamfani takan shigo gari ɗaukar abinci. In ta zo zai biyo ta ya bugo. Ƙila Lahadi mai zuwa, ƙila wadda ke bayanta. Bai san lokaci ba."

"Bai san lokaci ba."

"Haka ya ce."

Garzali ya fito lungu. Kwanonsa na zube a bakin titi, awaki sun hau kai, kuma babu mayar da shi rumfa sai takaba ta ƙare, nan da kusan wata huɗu. Ya tsaya ƙarƙashin tagar Pindar ya dubi wurin da ya riƙe akwatin. Ana iya kafa 'yar kanta a nan, mai dogayen ƙafafu biyu daga ƙasa, ba sai an huda bangon akawu ba. Aikin rabin awa ne da ƙarfe.

"Ta katako za ka sa a yi," in ji Naomi daga cikin falo, kamar ta ji tunaninsa.

Ya auna tsayin da igiya, ya ƙulla alama, ya cusa a aljihu da hannun da bai yanke ba. Shekara ashirin da bakwai yana gaya wa duk mai saurare cewa katako abincin gara ne. Ya bi ta bayan layi, inda masu gindin bishiya ba za su gan shi ba, ya nufi shagon kafinta.